Katangar da Na Ce a Tsare

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Mai rubuto maka shi ne Magatakardan ƙungiyar masu tonon kayan tarihi ta Keffi, muƙamin da nake riƙe da shi cikin girma da ciwon baya.

Wani ma'aikacin Abuja ya sayi fili a Gangaren Tudu zai gina ɗakunan haya, ya ba mu kwana bakwai mu duba ƙasar. A rana ta biyar muka tono katangar wata tsohuwar randa, wato ɓarin jikinta, mai zanen da babu maginin tukwanen da ya san shi yau. Na kira mai gadin filin, Baba Audu, na ce masa da Hausar da na gada, “Baba, ka tsare katangar nan.”

Washegari na tarar da shi a gindin katangar bulo, riƙe da sanda. Ya ce, “Oga, katanga yana nan, ko bulo ɗaya bai ɓata ba.” Na ce ina randar? Ya ce, “Wannan fasasshen? Lebura sun cika rami da shi.” Ramin kuwa na harsashin banɗaki ne, kuma ranar Asabar za a zuba kankare. Mai filin ya daina ɗaukar wayata.

Masu sauraro, da wace Hausa ake roƙon mutumin Abuja ya dakatar da banɗaki saboda kakanninmu?

A gaishe mini da Baba Audu. Har yanzu yana tsaron katangar, domin ban sami ƙarfin halin sallamarsa ba.