Mai Mafitai Ta Hau Hasumiya

A gindin tsohuwar hasumiyar da ke tsakiyar kasuwa, wani dattijo baƙo ya zauna yana haki kusa da wata mai sayar da mafitai.

"Sannu, Baba. Ba za ka hau ba? Abokan tafiyarka duk sun haye."

"'Yata, gwiwa ta ƙi. Kwana na yi a mota saboda hasumiyar nan, ga shi na ƙare a gindinta."

"Kash, an yi ba kai! Daga sama har kogi ake hangowa, da rumfunan masaƙa, da tsohuwar ganuwa."

"Kogin ta wane ɓangare yake?"

"Ta can dai."

"Can ina? Anya kin taɓa hawa kuwa?"

"Haba Baba, ɗan gari da hawa hasumiya? Ai sai a yi min dariya. Baƙi ne ke ba ni labari in sun sauko."

"To ungo wayata. Hau ki ɗauko min hoton da zan nuna wa jikokina, ni zan tsare miki kaya."

"Ka iya ciniki?"

"Da shi na aurar da 'ya'yana. Je ki."

Can sai ga muryarta daga sama.

"Baba! Wallahi akwai kogin!"

"Madalla! Sai me kuma?"

"Ga unguwarmu! Ga gidanmu ma! Ga..."

"Ga me?"

"Ga maigidana kwance a inuwa, shi da ya ce min ya tafi aiki! Baba, yaya ake jawo hoton nan kusa?"