Riƙe Min Nan

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban unguwa, liman da malamanmu, iyayenmu maza da mata. Mama, uwar gidan nan, da ƙannen marigayi, da 'ya'yansa, musamman kai Dogo, babban ɗansa: Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni malamar firamare ce, na saba yi wa yara magana su yi tsit. Yau kuwa muryata sai a hankali, ku yi min uzuri.

Tunda aka kashe Baba Tartsatsi, in na bi ta gaban shagonsa da la'asar sai in ga kamar hasken nan shuɗi yana wulgawa a jikin bango. In tsaya, in ji kamar ƙaurin ƙarfe. Sai in duba da kyau, kwaɗo ne a ƙofar, ga kuma wata kyanwa a kan bencinsa.

Ya kasance mai walda, kuma duk mun san saurin hannunsa. Ya kasance mutumin da ba ya iya ta'aziyya. In ya zo, ya yi addu'a a gurguje, ya sulale. Ya kasance mai jira sai an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, gida ya yi shiru irin wanda ke sa mutum jin bugun agogo. A ranar ne za ka gan shi da injinsa a baro.

Shekara tara ke nan da aka caka wa maigidana wuƙa a ƙofar gidanmu, ya rasu. Ɗana yana da shekara ashirin a lokacin. Ya daina ci, ya daina magana, sai fita da abokai masu raɗa. Na san ramuwar gayya suke shiryawa, na rasa ta inda zan ɓullo masa. Sai ga Baba wata safiya, ya girgiza ƙyaurenmu, wai sakatar ta lalace. Wallahi lafiyarta lau. Ya sauke kaya, ya dubi ɗana ya ce, "Kai, riƙe min nan."

Jama'a, aikin awa ɗaya Baba ya yi sati uku yana yi. Yau ya manta guduma, gobe ƙarfen ya karkace, jibi ya kwance abin da ya ɗinke jiya. Har na fara ce masa Baba Kunkuru, yana dariya. Ɗana kuma yana tsaye, hannu biyu a kan ƙarfe, tartsatsi na zuba kamar ruwan zinare. Ina zaune a tsakar gida ina kallonsu kamar a mafarki. Ba wa'azi, ba faɗa. Abokan su zo su leƙa, su ga ba hali, su tafi. A cikin sati na uku na ji ɗana yana kuka, Baba bai ko ɗago ba, ya ce masa kar ya saki, ƙarfen bai huce ba tukuna.

Gida nawa aka yi wa haka a unguwar nan? Ku ɗaga kai ku dubi juna. Ƙyauren mai shayi, tagar matar direba, gadon ƙarfen tsohuwar da ke bayan makaranta. Mu ne muke da ƙofofin da suka fi na kowa ƙwari, don kowace an gyara ta sau goma. Ɗana yau shi ma walda yake yi, yana da 'ya'ya biyu, ƙaramar tana can a cinyar Mama.

Kuma wannan bawan Allah ne ya shiga tsakanin samari biyu a bakin kasuwa, da tsakar rana, ƙarfen da ba shi aka nufa da shi ba ya same shi. Ina jin haushi, ba zan ɓoye muku ba. Haushi nake ji har cikin ƙashina.

Dogo, dube ni. Na ga idonka ranar jana'iza, na taɓa ganin irinsa a cikin gidana. Na ga masu raɗa sun fara zagayarka. Wanda ya yi abin yana hannun hukuma, ka bar shi a can. Mama ta binne miji, kar ka sa ta yi sallama da kai ta bayan ƙarfen kurkuku, ko abin da ya fi haka muni.

Shekaranjiya na yi gyangyaɗi a aji bayan an tashi yara, na ga babanku yana tura baronsa a wani layi mai tsawo, duk ƙofofin a buɗe. Na kira shi, bai waiwayo ba, sai dai ya nuna min gidan nan da hannu.

Don haka, Mama, a gafarce mu, da na shigo ɗazu na girgiza ƙyaurenku. Sakatar ta lalace. Gobe da safe ɗana zai zo da injinsa, kuma ba shi da mai taimako. Dogo, kai za ka riƙe masa. Aikin zai ɗau lokaci.

Mun gode da kuka zo. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haska gidajenmu, ya riƙe hannun 'ya'yanmu. Amin.