Darasin Ɗan Fari a Gindin Gawo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Malam Harou ne daga Bande.

Babban yarona yana koyar da ilimin ƙasar noma a jami'a. Bana aka ce za a ba irinsu bursi, wato tallafin karatu, su je a koya musu yadda ake koyarwa. Ni dai na ɗauka ya iya. Sharaɗin shi ne ya aika bidiyon darasinsa, a ga ɗalibai suna yi masa tambaya. Ga shi ana hutun damina, babu ɗalibi ko ɗaya.

Sai ya zo gida ya tara mu dattawa a gindin gawo, ya jingina waya. Ya yi ta bayani, muna "Haka ne, Malam." Ya roƙi tambaya, kowa ya yi shiru, don mu ba ma katse malami. Ni kaɗai ke da tambaya, kuma malamin ɗan farina ne, ko sunansa ba na faɗi. Da na ga bursin zai kuɓuce, na juya ga maƙwabcina.

"Idi, tambayi wancan, me ya hana geron bayan gari yi?"

Idi ya ce, "Ba ga shi nan ba? Kurma ka haifa?"

Aka yi dariya, tambayoyi suka ɓarke. Haka aka aika, muna jiran amsa.

Masu sauraro, ko dattawa na shiga lissafin ɗalibai? Ina gaida Idi, da wancan. Ya san kansa.