Kwaltar Filinmu Ta Rufta

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Haruna, mai gadin filin ajiye motoci a bayan Kasuwar Libiya, Umdurman.

Tun rani kwaltar da aka shimfiɗa a filin ta tsattsage. Alhaji mai filin ya ce, "Haruna, kwalta ta yi wuya a gari, mu cike da yashi." Muka cike. Da damina ta sauka, ruwa ya shige ƙarƙashi, kwaltar ta rufta da wata babbar mota. Direbobi duk suka gudu, suka daina ajiye motocinsu a nan. Yanzu Alhaji zai rufe filin, kuma a ɗakin gadin nan nake zaune da matata da 'ya'yana.

Don Allah masu sauraro, yaya ake ceto kwalta irin wannan? Wallahi ba mu da wurin zuwa.