Gwangwanin da Ya Kumbura

A ɗakin jiran likita, wani mai shago ya ƙura ido ga faffaɗar takardar da wani saurayi ya jingina a jikin benci. Hoton gwangwanin kifi ne aka buga sau huɗu, kowanne da launinsa.

"Ikon Allah! Talla har a asibiti?"

Saurayin ya ɗago, hannunsa dafe da ciki. "Ba talla ba ce, Baba, zane ne. Abin da muke saye kullum ma yana da kyau, kallon tsanaki ne ba ma yi masa."

"To mai zanen ma bai yi masa ba. Dubi murfin, ya kumbura. Shekara talatin ina jera gwangwani. Irin wannan bayan kanta nake tura shi, sai mai neman araha ya zo."

"Ai kumburin ne kyansa! Shi ya sa na zaɓe shi."

"Au, kai ne mai zanen? To da ka gama, ina ka jefar da gwangwanin?"

Saurayin ya ƙara dafe ciki.

Mai shago ya jawo hularsa ta rufe goshi, ya sassauta murya.

"A wane shago ka saya, ɗana?"