Abin da Tanvi Ke So

A rumfar mai shayi, gaban wani otal a birnin Pune na Indiya, wata mata ta dubi mutumin da ke gefenta.

"Ɗan'uwa, kai ma naka yana ciki, wajen intabiyun shiga jami'ar Amurka?"

"'Yata ce, Tanvi. Ni fito da ni aka yi."

"Au, har ciki ka bi ta? Wa ya aike ka!"

"Tun tana nazare ni nake amsa mata tambaya. Mai intabiyun ya ce me take so bayan karatu, na yi caraf na ce lissafi."

"Ita fa?"

"Ta ce rawa. Wai ta daɗe tana koya a ɓoye."

"To, ai ba laifi ba ne."

"'Yar'uwa, da za ta faɗa, baƙon ta kalla. Ba ni ba."