Linzami a Kan Ƙwauri

A Kasuwar Kurmi, layin masu kayan doki, wani magidanci yana juya linzami mai kaifi, wani tsoho yana zaune a benci yana kallonsa.

"Alhaji, wa za ka yanka da wannan?"

"Baba, ingarman da mahaifinmu ya bari ne. Da na hau sai ya fizge ni, jiya har cikin masu tumatir. 'Yan'uwana sun ce in ban iya shi ba zuwa Juma'a, sayarwa za a yi."

"Linzami nawa ka canja masa?"

"Uku. Kowanne ya fi na baya kaifi."

"Shi kuma yana ƙara ja. Shekara talatin na yi ina kiwon doki. Naɗe wandonka, ɗora ƙarfen a ƙwaurinka, ba ni igiyar."

"A tsakiyar kasuwa?"

"Masu tumatir sun ga abin da ya fi haka. To, ga yadda kake ja."

"Wayyo! Baba, sake ni!"

"Da ka ji zafi, tsayawa ka yi ko fizgewa? Kai a ƙwauri ke nan, shi a dasashi yake sha. Ɗauki mai santsin can, ka bar bakinsa ya warke, ka sassauta hannu."

"In ya sake kwasata fa?"

"Kawo shi unguwar Kabara, ka tambayi Malam Tanko, ni ke nan. Da yatsa biyu zan juya maka shi."

"Mai kaya, miƙo mai santsin! Wallahi dokin nan a gidanmu zai tsufa."